Hannun 'Yata a Kusurwar Talabijin

Assalamu alaikum, mai wannan fili. Don Allah ki taimake ni, kuma in da hali kada ki ajiye wasiƙar nan a ƙasan sauran, domin abin da nake nema kwanakinsa ƙidayayyu ne. Ki yi haƙuri da rubutuna. Allo na fara riƙewa kafin biro, boko kuwa da girmana na koye shi a ajin manya, in kin ga ina ta zagaye, haka bakina yake ko a gida.

Tambayata za ta yi miki kama da wadda ta ɓata hanya, don na'ura nake so ki taya ni zaɓa, wadda za ta ɗaukar mini shirin talabijin ta ajiye. Amma duk wanda na tambaya ban faɗa masa dalili ba, sai ya ba ni abin da ba shi nake nema ba. Ke da ba ki san fuskata ba, zan iya faɗa miki.

Na ɗan haura hamsin. Ɗinkin labule nake yi a shagon wata baiwar Allah, mu huɗu ne a kan keke, daga takwas na safe zuwa shida na yamma, ran Lahadi kaɗai nake hutawa. Maigidana ya rasu shekara uku ke nan, Allah ya jiƙansa. Kurma ne, tun yana ɗan shekara shida zazzaɓi ya tafi da jinsa. A maɗaba'a ya yi aiki yana tsara shafuka, abokan aikinsa suna yi masa tsiya wai shi kaɗai ne ƙarar inji ba ta taɓa sa wa ciwon kai ba. Shekara ashirin da bakwai muka yi tare. In na ce bai taɓa ɗaga mini murya ba sai mutane su yi dariya, amma ko da hannu bai taɓa yi mini tsawa ba, kuma ki yarda da ni, ana yin tsawa da hannu.

Ni maganar hannu iya ta cikin gida na koya: kin ci abinci, kawo ruwa, an ɗauke wuta, ga baƙo. 'Yarmu kuwa da ita ta fara magana kafin bakinta ya buɗe. Sai su zauna ita da babanta awa guda suna hira suna dariya, ni ina gefe ina taka keke. In na tambaya me ake cewa, sai ta ce wai Baba ya ce ba da ni ake ba, wanda ya nuna da ni ɗin ake. Ban taɓa faɗa ba, amma nakan ji ɗan wani abu a raina, kamar an bar ni a bakin ƙofa.

Wataƙila ba ki sani ba, kurame ba sa kiran mutum da sunan da aka raɗa masa. Wani abu suke dubawa a jikinsa ko a halinsa, su yi masa alama, ta zama sunansa. 'Yarmu tana da ɗan loɓawa a kumatu in ta yi murmushi, sai babanta ya riƙa murza yatsa a kumatunsa, sunanta ke nan. Ni kuwa ina da halin tsinke zare da haƙori ko da almakashi yana kan cinyata. Sai ya haɗa babban yatsa da manuni, ya kai gefen baki, ya fizge waje kamar mai tsinke zare. Sunana ke nan. Mu huɗu kaɗai muka san shi a duniya, ni da shi da 'yarmu da ƙanenta. Tun da aka ɗauke shi daga gidan nan ba wanda ya sake kirana da shi.

Shekara guda bayan rasuwar, 'yata ta sami aiki a wata tashar talabijin, a gari mai nisa da mu. Ita ce wadda ake sawa a ɗan akwati a kusurwa tana fassara labarai da hannu. Ban yarda ba. Na ce fuskar 'ya mace ta shiga kowane shago da kowace tashar mota, kowa ya zuba mata ido. Daga nan na faɗi abin da har yau nake istigfari a kansa, na ce abin da babanta ya koya mata a ɗaki ba na talla ba ne. Sai ta ce babanta ya rayu ya mutu bai taɓa sanin abin da ake faɗa a labarai ba sai in tana gida ta fassara masa, kuma akwai dubbai irinsa da ba su da 'ya kamarta. Na ce ta je, amma kada ta sa rai zan kalla. Ban rantse ba, Allah ya tsare harshena a nan, amma dai na faɗa, ita kuma ta ji.

Ba mu yi gaba ba. Duk mako tana kirana, mu yi maganar gwiwata, da ruwan sama, da ƙanenta da ya ƙi ajiye iyali. Ba ta taɓa cewa yau ta fito ba, ni ma ban taɓa cewa na gan ta ba. Shekara biyu muna zagaye maganar kamar rami a tsakar gida.

Alhali ina kallo. Na so in rubuta miki cewa tsautsayi ne ya sa na ci karo da ita, amma ba zan sa ƙarya a takarda ba, da hannuna na nemo tashar. Shirin ƙarfe biyar na yamma ake yi kullum, rabin awa, lokacin ina shago, don haka ran Lahadi kaɗai nake samu. Akwatin da take ciki bai kai tafin hannuna ba. Ba na gane rabin abin da take faɗa. Hannun nake kallo. Yadda take karya wuyan hannu, yadda take ɗaga gira kafin ta gama magana, na babanta ne sak. Nakan jawo kujera har gwiwata ta taɓa teburin.

Lahadi biyar da suka wuce, an gama labarai, mai karantawa yana tattara takardunsa, kiɗan rufewa ya fara, sai na ga ta kai hannu gefen baki ta fizge. Bai kai ƙiftawar ido ba aka sa talla. Na zauna a wurin har aka kira magariba ban motsa ba. Lahadin da ta biyo aka ɗauke wuta saura minti goma a gama. Ta gaba na sake gani, ko kuma na zaci na gani. Wataƙila mayafinta take gyarawa. Wataƙila wata kalma ce a maganarsu ta makaranta da ban sani ba, irin an gama ko mun gode. Na gwada ɗauka da waya, hoton ya fito da ratsi-ratsi, hannunta kuma ya zama kamar hayaƙi. Na nuna wa maƙwabciyata ban ce mata komai ba, ta ƙura ido ta ce ƙuda yarinyar nan take kora, ashe har a talabijin akwai ƙuda. Na taya ta dariya, na shiga ɗaki.

Yanzu ga abin da ya tayar mini da hankali. Ƙanenta, direban babbar mota ne, ya biyo ta gida makon jiya, yana cin abinci ya ce ai yayarsa ƙarshen watan nan za ta bar tashar, ta koma koyarwa a makarantar kurame. A zatonsa na sani. Na ce masa to, Allah ya sa alheri, na ƙara masa ruwa. Lahadi uku suka rage mini. Amma in da abin da zai riƙa ɗauka ina shago, fitowa ashirin da wani abu ce ta rage.

Akwai kwamfutar marigayi, irin mai babban akwati, tana ƙarƙashin taga na lulluɓe ta da ragowar yadin labule. A kanta yake kallon fim. Tare muke kallo, ba murya, shi yake ba ni labarin da hannu. Wata rana na kunna muryar sai na ji ashe wanda ya ce ɓarawo ne likita ne. Na faɗa masa, ya ce nasa labarin ya fi daɗi, kuma gaskiyarsa. Fayafayan suna nan cikin kwalin takalmi. Tun bara in na sa sai hoton ya riƙa tsayawa yana tafiya kamar mai shaƙuwa. Ina so in sake ganinsu yadda suke a da, amma wannan buƙata ta biyu ce.

Na je shagon masu sayar da kayan kwamfuta. Kunya ta hana ni bayani, na ce kawai ina son abin da zai sa hoto ya yi kyau a kwamfuta, na fim da na talabijin. Mai shagon mutumin kirki ne, har kujera ya ba ni. Ya ɗauko kwali mai hoton wani dodo da sulke, a ciki akwai kati mai tsawon kamu guda da fanka biyu, ya ce ba wanda ya fi shi a shagon. Na karɓa. Na kai wa mai gyaran da ke bakin layinmu tare da kwamfutar da dikodata. Ya buɗe ya ce katin da ƙyar ya shiga, kuma tukunyar wutar kwamfutar ba za ta iya ciyar da shi ba, sai da ya jona wata ta shagonsa don gwaji. Na miƙa masa wayar da ke fitowa daga dikoda. Ta shiga ramin da ke bayan katin daidai, kamar don shi aka yi ta, har na ce alhamdu lillahi a bayyane. Ba abin da ya fito. Ya ce wai ramin nan bayarwa yake yi, ba ya karɓa. Ni dai ban gane ba, rami iri ɗaya, waya iri ɗaya.

Shi mai gyara ya ambaci abu biyu, katin kama tasha da kuma wata 'yar na'ura mai ɗaukar hoto daga dikoda, ya ce in zaɓa. Mai shago ya ce sabuwar kwamfuta ce maganin abin. Uwar ɗakina a wurin aiki ta ce duk wahala ce, waya ta isa. Kaina ya ɗaure. In zai taimaka miki, farantin kama tashoshi ne a kan rufinmu, marigayi ya kafa shi, dikodar kuma ba irin wadda ake sabuntawa duk wata ba ce. A bayanta akwai rami mai faɗi da ke zuwa talabijin, da wasu zagayayyu uku, rawaya da fari da ja, da wani ɗan siriri mai kusurwa huɗu da ba a taɓa sa komai a cikinsa ba.

Akwai kuma abubuwan da suke ci mini rai. Ina ganin gargaɗi a farkon fim cewa an hana kwafa. In na ɗauki shirin tashar ba da izininsu ba, na ci haƙƙinsu? Katin nan da na riga na yage kwalinsa, in na mayar ban zalunci mai shago ba, tunda abin da na ce shi ya ba ni? Sannan ni da na ce ba zan kalla ba, yanzu in zauna ina bin hannun 'yata a ɓoye, wannan ba leƙen asiri ba ne?

Kada ki ce in kira ta in tambaya. In ta ce ƙuda ne, ban san inda zan sa fuskata ba. Ni dai ina so in ga hannun nan sau ɗaya a hankali, in san ko kirana ake yi. Allah ya saka miki da alheri.

Mai ɗinkin labule

Wa alaikumus salam, Yaya mai ɗinki. Wasiƙarki na sa a sama, kuma ba ki zagaya ba, duk abin da kika faɗa ya yi amfani. Na karanta wa mai kula da kwamfutocin ofishinmu ɓangaren na'ura kaɗai, sauran ya tsaya tsakanina da ke da masu karatu. Dattijo ne mai furfura, ya ce in gaya miki shi ma ya taɓa cusa wayar nan a ramin nan, kuma shi a lokacin har takardar shaida yake da ita.

Katin da kika sayo aikinsa zana hoto ya tura wa fuskar kwamfuta, an yi shi ne don masu wasannin kwamfuta. Duk ramukansa na fita ne. Kin je neman allura an ba ki almakashi mai kyau. Ba laifinki ba ne, ba na mai shago ba ne, fim da hoto mai kyau ya ji kin ce. Ki mayar masa, ki gaya masa gaskiya cewa an buɗe an gwada, ki nemi musanya. Yana da damar ya ƙi, amma tambaya a bayyane ba zalunci ba ce. Sabuwar kwamfuta kuwa ba ki buƙatarta.

Kafin ki sayi komai, ki koma kan ɗan siririn ramin nan da ba a taɓa amfani da shi ba. Shi ne wanda ake sa filasha. Dikoda da yawa irin taki suna ɗaukar shiri da kansu ta nan. Ki duba rimot ɗinki ko akwai maɓalli mai jan ɗigo. Ki sami filasha mai kyau mai giga sittin da huɗu, ko ƙaramin faifan ajiya na waje, wanda babu abin da kike so a cikinsa, domin dikodar tana iya share shi. Ki sa, ki danna jan maɓallin a kan kowane shiri, ki bari minti biyu, ki duba. In ya yi, kin gama, kuma wannan ce hanyar da ta fi fitar da hoto, don yadda tashar ta aiko shi haka yake sauka, ba a taɓa shi ba. A cikin jerin saitin akwai wurin sa lokaci, mai gyara zai nuna miki. Ki sa ta fara biyar saura minti biyar kullum, ta tsaya bayan an gama da minti goma. Kada ki manta da wannan ƙarin, abin da kike nema a wutsiyar shirin yake, kuma tashoshi ba sa cika bin agogo. Ki bar dikodar a jone in za ki fita.

A wasu dikododin ramin nan na gyaran manhaja ne kawai, ba ya ɗauka. In taki haka take, sai ki nemi 'yar na'urar da mai gyara ya ambata ta biyu, mai ɗaukar hoto daga dikoda ta zuba a kwamfuta. Ba ta fi akwatin ashana girma ba. Ki duba abu uku. Ramin da wayar dikoda za ta shiga a ga an rubuta IN a gefensa, shi ne mai karɓa. Ta iya ɗaukar hoto hamsin ko sittin a daƙiƙa guda, domin masu arha talatin suke yi ko ƙasa da haka, fuska za ta fito amma hannu mai sauri ya zama hayaƙin da kika gani a waya. Sannan mai gyara ya tabbatar kwamfutar tana da rami mai saurin da zai ɗauke ta, galibi cikinsa shuɗi ne. Kada ki yarda da rubutun kwali kaɗai. A gwada a gabanki, a ɗauki wani mai motsi, a tsayar da hoton, ki ga ko za ki iya ƙirga yatsunsa. In hoton ya fito baƙi ƙirin, dikodar ce ta kulle ramin nan mai faɗi, sai a koma irin mai karɓar wayoyin nan uku masu launi. Hotonta bai kai ba, amma ya fi na waya nesa ba kusa ba. Da wannan hanya dole a bar kwamfutar a kunne, a hana ta yin barci, a bar dikodar a kan tashar.

Katin kama tasha ma yana aiki, wayar faranti ce ke shiga cikinsa kai tsaye, amma dole ya zama na faranti ba na eriya ba, kuma saitinsa yana cin lokaci. Da mako uku a hannunki, ki bar shi.

Ko wace hanya kika bi, ki ce wa mai gyara kada a yanke gefen hoto, kada kuma a matse shi don rage girma. Wasu saituna suna datse gefe-gefe, 'yarki kuwa a gefen take. Duk bayan kwana biyu ki kwashe abin da aka ɗauka ki zuba a kwamfuta. In wuta ta yi halinta wata rana kada ki damu, fitowa ashirin ba za ta cinye su duka ba. Ya sa miki manhajar kallo ta kyauta mai rage gudu, mai tafiya hoto ɗaya bayan ɗaya, mai kuma faɗaɗa kusurwa.

Fayafayan marigayi kuwa, a fara da share ƙurar cikin akwatin da goge idon da ke karanta faifai, sau da yawa shaƙuwar daga nan take. In har sai an sa kati, ƙarami marar fanka, wanda ba ya neman ƙarin wuta, ya ishi fim. Shi za ki nema a musanyar.

Maganar haƙƙi, ni ba lauya ba ce, ba kuma malama ba. Abin da na sani, a ƙasashe da yawa ba a hana mutum ɗaukar shiri don ya kalla a gidansa, sayarwa da yaɗawa ne ake hanawa. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki rubuta wa tashar layi biyu ki nemi izini, ki tambayi malamar da kika amince da ita. Leƙen asiri kuwa a cire shi. Abin da 'yarki take yi a gaban dubban mutane da rana tsaka ba asiri ba ne. Asirin a wajenki yake.

A nan zan tsaya da na'ura. Ban ga muguwar uwa a wasiƙarki ba. Na ga mace da aka yi wa rasuwa, maganar hannun nan ita ce abin da ya rage na mijinta a ɗaki, sai ga 'yarta za ta fita da ita. Tsoron da kika ji mata ma ba ƙarya ba ne. Amma ita ma gaskiya ta faɗa, kin kuma sani, shi ya sa kika riƙe maganarta kalma da kalma shekara biyu. Ta ji abin da kika ce, ba ta daina kiranki ko mako ɗaya ba. Ki auna wannan.

Ban san abin da hannunta ya yi ba, kuma ba zan ce sunanki ne don in faranta miki ba. Yana iya zama mayafi, yana iya zama ƙudan maƙwabciyarki. Ki ɗauka, ki kalla, haƙƙinki ne ki sani. Sai dai akwai abin da kwanakinsa suka fi ƙarewa da sauri. Yarinyar nan za ta sauka daga aikin da ta yi don babanta tana zaton mahaifiyarta ba ta taɓa ganinta ba ko sau ɗaya. Wannan babu na'urar da za ta gyara shi bayan ƙarshen wata.

Kin ce kada in ce ki kira ki tambaya, ba zan ce ba. Ba tambaya ce ke kanki ba, faɗa ce. Ki gaya mata kina kallo, kuma kada ki jira sai hoton ya ba ki amsa, don in kin jira, ciniki kika yi da ita. In bakinki ya yi nauyi, kina da hannu. Ran da za ta kira, ki ce a yi ta bidiyo, ki jingina wayar a jikin kekenki. Ki murza yatsa a kumatunki yadda babanta yake yi. Ki nuna idonki, ki nuna ta. In kuka ya zo, ki tambaye ta ko ta ci abinci, wannan kin iya. Maganar cikin gidan da kike rainawa ta isa wannan aiki.

Sannan ki sa lokacin ɗauka na ranar ƙarshe, da ƙarin minti goman nan. In ta san kina kallo, ba na jin za ki buƙaci rage gudun hoton.

Allah ya jiƙan maigidanki ya haskaka makwancinsa, ya yi wa 'yarki albarka a sabon aikinta, ya ba gwiwarki lafiya, ya sa ki sake jin an kira ki da sunanki.